Daron Iya Mai Alayyahu

Shekaru sun ja, furfura ta fara cin gemuna, na manta sunayen rabin waɗanda muka yi makaranta tare, amma akwai wata safiyar Alhamis ta damina da ba za ta bar raina ba har ranar da za a kai ni makwancina. Ko yanzu, idan matata ta sayo alayyahu ta bar shi ya kwana ya yi yaushi, da na ji warinsa sai in ga kaina tsaye a bakin wata kwata a Sabon Gari, littafin tikiti a hannuna, bakina kuwa kamar an ɗinke shi da zare.

Abin ya faru ne 'yan shekaru bayan dawowar mulkin farar hula. Ni mutumin kudancin Kaduna ne, karatu ya kawo ni Samaru. Na gama difloma a fannin akanta, ina ganin ofis da fanka da kujera mai juyawa na can suna jirana. Shekara biyu ina yawo da takarduna a cikin ambulan har bakinsa ya cinye. Komawa ƙauye kuwa ban ma sa ta a raina ba, domin da kuɗin cittar mahaifina aka yi karatun, ban kuma ga idon da zan dube shi da shi in ce na dawo mu koma gona tare ba. Daga ƙarshe wani dattijo a cocinmu ya yi mini hanya, aka ɗauke ni aikin wucin gadi a wani ofishin karɓar haraji. Aikin ba shi da wuyar ganewa. Kullum da sassafe in hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari, in karɓi littafi, in bi layin masu kasa kaya a ƙasa, waɗanda ba su da shago sai tire ko buhu a shimfiɗe, in karɓi naira goma a hannun kowa in yaga masa tikiti.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, duk wanda ya karɓi littafin nan ya karɓi kaɗaici tare da shi. Da na shigo layi sai hira ta mutu. Wata 'yar kudu mai sayar da ganyen ugu ita ce mai shela. Da ta hango ni za ta ce, "Oga ticket don come," sai kowa ya ɗaure fuska ya fara kwance bakin zane. In na zauna a teburin mai shayi, masu benci su matsa mini fili fiye da wanda nake buƙata. Abin ya bi ni har coci, domin rabin matan ƙungiyar zumunta ta cocin a kasuwar suke neman abinci. Ba wadda ta taɓa zagina, ai a ɗakin Ubangiji ake. Gaisuwa ce dai ta koma ta fatar baki, a amsa maka ana kallon wani wuri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana. To ni ne kurar.

Da yamma in koma ɗakina ƙwaya ɗaya a bayan wani gida a Samaru. Maƙwabtana ɗalibai ne, duniyarsu daban, Hausarsu rabi Turanci, kuma da an yi hutu sai gidan ya zama kufai. In kunna risho, in ɗora 'yar tukunyata, in buɗe rediyo, ba don labarai ba, don dai in ji muryar mutum a ɗakin. Akwai wata ranar hutu da na lura har la'asar ban furta kalma ko ɗaya ba, sai da na yi gyaran murya don in tabbata muryar tana nan.

A duk faɗin kasuwar nan mutum ɗaya ce take ganina ta washe baki. Wata tsohuwa ce mai sayar da alayyahu, da 'yar yakuwa idan lokacinta ne, a can ƙarshen layi daidai inda kwata take yin kwana. Daga wani ƙauye bayan Basawa take zuwa, ɗauke da wani babban farin daro mai zanen jan fure, fentinsa duk ya ɓare a baki. Musulma ce, ni Kirista, a shekaru kuma ta yi jika da ni. Ranar farko da na tsaya a kanta na ce, "Iya, tikiti," sai ta ɗago ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Na jima ina roƙon miji, ashe mai littafi za a aiko mani. To angona, haka ake zuwa wurin amarya, ba gaisuwa sai karɓa?"

Wasan nan ne na kaka da jika. Na yi dariyar da na kwana biyu ban yi irinta ba. Tun daga ranar ni ne ango, ita ce amarya, ko Iya idan maganar ta gaske ce.

A ranar ta koya mini abin da ba a koya mana a aji ba. Ta ce ita tun tana budurwa ba ta fitar da kuɗi daga bakin zanenta kafin ta yi cinikin fari. Kuɗi ya fara shigowa tukuna, sannan ya fita. In ya fara da fita, to haka zai yi ta fita har rana ta faɗi. "Uwata haka ta yi, kakata haka ta yi. Je ka zago, in an buɗe mani kasuwa ka dawo." Na ce to ta karɓi tikitin yanzu, ta biya daga baya. Ta riƙe baki. "Bashi da sassafe? Ai wannan ya fi wancan muni. So kake ka kashe mani kasuwa ka rasa mai ciyar da kai?" Yawancin 'yan kasuwa sun san wannan al'ada, sai dai tsoron littafi ya sa sun sake ta. Iya ce kaɗai ta riƙe abarta.

Sai muka ƙulla yarjejeniya ba tare da an ce an ƙulla ba. Da safe in wuce ta, mu gaisa, in yi gaba. Idan hantsi ya dubi ludayi in dawo, ta ba ni naira gomanta, in yaga tikiti, sannan ta turo mini wani guntun bulo da take ajiyewa a gefe in zauna. Wannan bulon shi ne falona, shi ne majalisata. Ta tambaye ni abin da na ci jiya, in na ce garin kwaki ta yi mini tsiya ta ce a haka zan riƙe mace. In ƙullin alayyahu ɗaya ya rage ta cusa mini a jaka, ta koya mini yadda zan yi miyarsa da gyaɗa. Ni kuma in ba ta labarin mahaifina da cittarsa, da ambulan ɗin da ya gaji da yawo. Ban taɓa gaya wa kowa waɗannan abubuwa a Zariya ba sai ita.

Ita ma ta buɗe mini nata cikin. Mijinta ya jima da rasuwa, 'yarta guda tana aure can wajen Kano, kullum tana aiko mata ta bar wahala ta zo ta huta. "Hutun me?" in ji Iya. "In je in zauna a ɗaki ina kallon hannun suruki, in ina son goro sai na roƙa? Muddin wuyan nan yana ɗaukar daro, daga gumina zan ci. Ranar da na kasa zuwa kasuwa, ranar za su zo su kwashe ni kamar kayan wanki." Jarinta kuwa ba wani jari ba ne. Abin da ta sayar jiya, shi take kai wa masu lambu da asuba su cika mata daron yau.

Ana nan sai aka yi zaɓe, aka rantsar da waɗanda suka ci, ba a jima ba kuma suka zauna suka yi sabuwar dokar haraji. Oganmu ya kira mu wata Litinin ya karanta mana. Tikitin masu kasa kaya ya tashi daga goma zuwa ashirin, kuma dole a yanke shi kafin ƙarfe takwas na safe. Wanda aka samu ba tikiti bayan takwas, a kwashe kayansa sai ya biya tarar naira ɗari biyar. Ma'aikacin da aka kama ya tsallake wani kuwa, a ranar zai ajiye littafi. Can ƙasan takardar, da murya ƙasa-ƙasa, ya karanta sauran: masu manyan shaguna, waɗanda dama sau ɗaya suke biya a shekara, an yi musu rangwame, wai don a ƙarfafa wa masu zuba jari gwiwa.

Karatun akantan da ya kasa samo mini ofis sai ya motsa. Na juya bayan littafina na buga lissafi, na ga abin da Iya za ta biya a shekara a kan daro ɗaya na ganye ya haura abin da mai shagon shinkafa ƙofa uku zai biya. Na ɗaga hannu kamar ɗan firamare na faɗa. Oga ya cire tabarau ya dube ni.

"Kai aka zaɓa ko su? Tikiti ɗaya ne, kowa ashirin, babu babba babu yaro. Ina rashin adalci a nan? In kana da magana ka bari zaɓe ya zagayo ka tsaya takara."

Aka yi dariya, na sauke hannuna. Ba kuma wanda bai san dalilin dokar ba. Masu shaguna suna da ƙungiya, Hausawansu da 'yan kudunsu bakinsu ɗaya a kan wannan. Su suka sayi shinkafa da atamfar da aka raba lokacin kamfen, kuma ba sa cika fom kafin su ga manya. Dokin mai baki ya fi gudu. Matan da ke zaune a ƙasa kuwa, abin da suka samu shi ne sabulu ɗai-ɗai ranar zaɓe. Da na kai wa Iya labari, ta jinjina kai ta ce, "Ashe sabulun nan ba kyauta ba ne. Kuɗinshi suka aiko ka karɓa." A watan ne kuma muka ga sababbin motoci jere a harabar ofis, ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Kwatar da Iya take zama a bakinta kuwa tana nan yadda take, in an yi ruwa ta tumbatso har ƙarƙashin daro.

Na roƙe ta ta sassauta al'adar nan. Ta ce ashirin za ta biya, ko da za ta rage cin goro, amma ba kafin cinikin fari ba. A nan ne na yi kuskuren da har yau nake cizon yatsa a kansa. Na ce, "Bari kawai, Iya. Doka a ƙasar nan kwana uku take da zafi. Wa zai tako har bakin kwata? Mu ci gaba yadda muka saba." Ni na ba ta wannan tabbacin, da bakina. Aka kuwa yi mako biyu ba abin da ya faru, har na fara yaba wa kaina wayo.

Ranar Alhamis ɗin an wayi gari da yayyafi, masu cefane ba su fito da wuri ba. Na bi layi na yanke wa kowa, na iso ƙarshe wajen takwas saura kwata. Iya ta lulluɓe kanta da buhu, alayyahun ya sha ruwa ya yi shar, ƙulli-ƙulli a jere, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Angona, yau kasuwa ta yi yaji," in ji ta. "Je ka dawo."

A aljihuna na baya akwai naira ashirin tawa ta kaina. Ba zan yi ƙarya ba, na tuna da ita, har na kai hannu. Da na yaga tikiti na tura ƙarƙashin daron, da ko sani ba za ta yi ba. In ta yi ciniki ta biya, in ba ta yi ba in cike da tawa. Amma an ƙara kuɗin mai a kwanakin, wata ya yi nisa, ashirin ɗin nan ita ce kuɗin motata. Na ce a raina, in ba ta yi ciniki ba yau fa, da ƙafa zan koma Samaru cikin ruwan nan? Na janye hannuna na ce mata sai na zago.

Ban yi nisa ba na ji tsayawar a-kori-kura. Oga ne da ƙarti huɗu masu kwashe kaya. Ya yafito ni ya ce in shige gaba, layi-layi za mu bi. Kowa muka iso ya ɗaga tikitinsa. Ina tafe ina addu'a, ko wata mai cefane ta riga mu isa, ko oga ya ga taɓo ya juya. Bai juya ba. Ya tattare ƙafar wandonsa ya tako har bakin kwata.

"Tsohuwa, tikiti."

Iya ta dube shi, ta dube ni.

Oga ya juyo kaina. "Kai, ka zo nan ko ba ka zo ba?"

"Na zo, oga."

"To me ya sa ba ta da tikiti? Ƙin biya ta yi, ko kai ka tsallake ta?"

Amsar gajera ce, kuma tana kan harshena: ni na ce ta bari. Da na faɗa, da laifin ya dawo kaina, a bar mata kayanta, a karɓe littafi, in koma yawo da ambulan. Na tuna mahaifina. Na tuna mutanen da suke zuwa ofis kullum suna neman ko da wannan aikin da kowa ya tsana. Duk layin ido ya dawo kaina, har da mai ugu. Ni kuwa na yi shiru. Ban san tsawon lokacin da shirun ya ɗauka ba, amma ya ishi Iya ta karanta fuskata tas.

"Ya zo," in ji ta. "Sau biyu ma yaron nan ya zo, har da roƙo. Ni na ce mashi ba ni biya sai na yi ciniki. Ba ruwanshi."

Yaron nan ta ce. Ba ta ce angona ba, don kada oga ya gane akwai sanayya. Har a wannan lokacin ni take karewa, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun tana budurwa. Ta kwance bakin zanenta ba ta yi ciniki ba, ta ciro naira ashirin wadda na san ta motarta ce, ta miƙa. Oga ya duba agogo.

"Takwas ta wuce. Ɗari biyar ne yanzu."

"Ɗana, duk daron nan bai kai ɗari biyar ba."

"Doka ce, Iya, ba ni na yi ta ba." Ya dube ni. "Kai da ta wahalar, ɗauko kayan."

Na sunkuya na kama daron. Ban taɓa sanin nauyinsa ba sai ranar, ashe wannan take ɗorawa a ka kullum. Ta miƙe ta tallafa mini ɗaya gefen, yadda ake taya mutum ɗaukar kaya, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Kar ka bari su danne shi da wani abu, ganye ba ya son nauyi." Na kai shi mota. Da na waiwayo tana tsaye a cikin yayyafi da gammo a hannu, ba abin da za ta ɗora a kansa.

Aka zuba kayan a wani sito mai rufin kwano a bayan ofis. Da azahar rana ta buɗe. Wajen la'asar na leƙa ta taga, na ga alayyahun ya kwanta ya yi baƙi-baƙi, warin nan yana tashi. A hanyata ta zuwa tasha na wuce ta gaban shagon shinkafa mai ƙofa uku, na ga oga zaune a kan farar kujera ana buɗe masa lemo mai sanyi, suna ta dariya da mai shagon. Ni kuwa na ciro ashirin ɗina na miƙa wa kwandasta. Ta kai ni Samaru lafiya lau. A ranar ban kunna risho ba, ban kunna rediyo ba.

Washegari na iso da wuri, na tsara duk abin da zan ce mata. Wurin ba kowa sai bulo. Asabar ma haka. Ranar Litinin na tarar wata mai tumatir ta kafa tire a wurin, ta ɗora ƙafa a kan bulon. Mai ugu ce ta ba ni amsar tambayar da na kasa yi, cikin Hausarta ta kasuwa. "Kuɗi na jiya shi ne kaya na yau. Ka ɗauka kaya, ka ɗauka kasuwa. Mama ba zai zo ba." Daga ranar ba ta ƙara yi mini shela ba, sai ta ajiye ashirin a bakin tire ta kau da kai. Da can ina ganin na san kaɗaici, ashe somin-taɓi ne. Hantsi ya yi in rasa inda zan sa kaina, sai in yi ta zagaya kasuwa kamar wanda aka aika ya manta saƙo.

Sai da aka yi kusan mako uku albashi ya fito. Na je wurin mai sito na biya tarar, yana yi mini dariya, wai sabon daro bai kai haka ba. Ganyen ya ruɓe ya bushe ya manne a ciki. Na kai shi Samaru na zauna a bakin famfo da toka da soso har jan furen ya fito. Ranar Lahadi bayan an tashi coci na hau mota zuwa Basawa, na sauka na kama hanyar ƙauyuka da ƙafa. Sai da na tsayar da mutum na farko zan yi tambaya na gane ban san sunanta ba. Wata da watanni ina zama a kan bulonta, ta san sunan mahaifina, ta san sunan ƙauyenmu, ni ko sau ɗaya ban tambayi nata ba. Na tsaya a tsakiyar hanya da daro a hannu, kunya ta rufe ni.

Daron ne ya yi mini jagora. Na gangara wurin masu lambu, wani dattijo yana gani ya ce ai wannan na Iya ne, ya nuna mini gidan da sandarsa. Na yi sallama a ƙofar zaure. Wata dattijuwa maƙwabciyarta ta fito, ta dubi daron, ta dube ni.

"Kai ne angon?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Ka makara, ɗana. Kwana goma ta yi a zaune ba shiga ba fita, labari ya kai wa 'yarta. Ranar Talata suka zo da mota suka tafi da ita. Wannan karon ko musu ba ta yi ba."

Na tambayi inda suke, ta ce wajen Kano dai, ba wanda ya san unguwar. Lokacin waya ba ta kai hannun irinsu ba. Na miƙa mata daron na ce in an samu mai zuwa a aika mata. Ta girgiza kai.

"Ta bar saƙo. Ta ce in wani yaro ya zo da daro, a ce mashi ya riƙe. Wai gara ce, tunda ba ta taɓa kai maka gara ba." Ta yi ɗan murmushi. "Na ce mata, Iya, ɗan haraji ne zai biyo ki har nan? Ta ce zai zo, sai dai ya makara. Wai angonta dama sai hantsi ya yi yake zuwa."

Ban san yadda na yi sallama da ita ba. Na dai san na zauna a gindin wata bishiya a bakin hanya, na kifa daron a cinyata, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ina yaro.

Da na ce muku washegari na ajiye littafi, da na yi ƙarya. Sai da na ƙara shekara guda ina yanka, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kafin Allah ya ba ni aikin koyarwa. Iya kuwa ban ƙara ganinta ba, ban kuma ji labarinta ba. Daron yana nan a gidana har yau, a saman kabad. Matata ta san labarinsa, ba ta jiƙa wanki a ciki.

Tun daga wannan lokaci, duk sa'ad da na ji a rediyo ana cewa an kawo wani haraji da kowa zai biya daidai, a kan mai ne ko a kan kayan masarufi, sai in tambayi kaina, daidai a aljihun wa? Ashirin ɗin nan ko lemon da aka buɗe wa oga ba za ta saya ba, amma a wurin Iya ita ce tsakanin cin guminta da kallon hannun suruki. Kayan da jaki ba zai ko ji ba, in ka ɗora wa kaza ka kashe ta. Waɗanda suka rubuta dokar ba su taɓa ganin Iya ba, ba kuma za su taɓa sanin abin da suka yi mata ba. Sai dai doka ba ta da hannu, sai an samu mai sunkuyawa ya ɗauki daron, kuma a ranar hannuna ne. Abin da na koya shi ne, alheri da faɗin gaskiya suna da lokacinsu, in ya wuce ya wuce. In abin yana aljihunka ka ciro shi, in maganar tana kan harshenka ka faɗe ta a take. Ni na ce sai na zago, na kuwa zago, da wankakken daro a hannu, ba wadda zan miƙa wa.